Sawun Motar da Ba Ta Tashi

Sawun bajiman ya ƙare a bakin wani ɗan kwari, arewa da Kore Mairuwa, kamar an ɗauke su sama. Mani ya tsuguna ya daɗe yana duban wurin. Damina tana ƙarewa, ƙasa da sauran laima, saboda haka babu abin da ya ɓuya: ga kofaton babban sa mai ɗan karkata waje, ga na ƙaramin a bayansa, ga inda suka turje aka ja su da igiya. Ɓarayin sun bi ta kan ciyawa, ba su bar abin kirki ba. Daga bakin kwarin kuwa babu kofato. Abin da ya ci gaba shi ne sawun mota, wadda aka jingina bayanta da gaɓa aka kora dabbobin ciki.

Mutanen da suka biyo shi sun tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ya saba umartar su. A gabansu akwai Hawwa'u, dattijuwar Bafillatana mai bajiman, wadda ta raine su tun suna maruƙa.

"To, Ba'are, bawana," ta ce, "ka gani, ko in ara maka ido?"

"Goggo, idon da anka zare bajimai biyu gabanshi shina kallo? Riƙe abinki."

Wasa ne na Arawa da Fulani, wanda ko a gidan makoki ba a barinsa. Amma shi bai yi dariya ba, domin ya riga ya gane abin da ba ya son ganewa. Tayoyin huɗu ba zane ɗaya ba ne: na gaba iri ɗaya, na baya kowace da nata, irin tayoyin talaka da ake saye ɗaya bayan ɗaya. Ta baya ta hagu tana barin tabo a kowane juyi, mai yatsu uku kamar ƙafar kaza, inda kututture ya taɓa yaga ta mai faci ya ɗinke. Babu wanda bai san wannan tabon ba a garin. Mani ya saba ganinsa a ƙofar gidan ƙanwarsa Habsatu, domin na tsohuwar a-kori-kurar mijinta Dalhatu ne.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya masa a rai: tsakanin sawun hagu da na dama ya fi yadda ya sani faɗi, da kamar yatsu uku. Ya ce nauyin shanu ne ya baje ƙasa, ya bar zancen.

"Baba Mani, faɗi mana, rana na yi," in ji Abdul'aziz, ɗan mai babban shagon siminti. Shi ne ya kawo su a sabuwar farar a-kori-kurarsa, ya ajiye ta can bakin hanya, yana cewa tayoyinta na kwalta ne, ba su shiga yashi, daga nan ya biyo su a ƙasa yana tattare bakin wandonsa.

Mahaifin Mani, wanda ya gadar masa da wannan aiki, ya sha faɗa masa cewa mai bin sawu ba shi da dangi. Ƙasa ce ke magana, shi baki kawai ya ara mata. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Ƙafafun motar Dalhatu na," ya ce.

*

Sawun ya fita kwalta ya ɓace, babu mai iya cewa ina aka kai shanun. Amma ya sake bayyana a lungun garejin Rufa'i bakanike, ya shiga farfajiyar, ya narke cikin ƙasar da baƙin mai da kofaton awaki suka daddage. A ƙarƙashin dogon yaro motar Dalhatu tana tsaye, baƙin laka na fadama a manne da tayoyinta huɗu, ko gama bushewa bai yi ba.

Kafin azahar jandarmomi sun ɗauke Dalhatu daga ƙofar gidansa, ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Kumandansu ya ce jibi da safe za a wuce da shi Dogon Dutsi gaban alƙali, kuma babbar shaidar da za a gabatar ita ce maganar Mani, wadda ba a taɓa kamawa da kuskure ba a duk Arewa.

Da mutane suka watse Mani ya zagaya motar shi kaɗai. Ya leƙa bayanta yana neman kashin shanu ko gashi. Abin da ya tarar shi ne kaza, kwance a kan ƙwai cikin wani tsohon buhu, tana hura masa wuya. Ya sunkuya ya duba ƙarƙashin marfin taya, inda laka ke fallatsa idan mota ta shiga fadama. Babu laka. Yanar gizo ce a wurin, da gizon a tsakiya.

Ya je ya faɗa wa kumanda. Kumandan ya saurare shi cikin girmamawa, sannan ya ce, "Malam Mani, in kai kaza gaban alƙali ta rantse? Kai ka ce ƙafafun motarshi na. Ka janye?"

Mani bai janye ba. Janyewa ƙarya ce, domin ya ga tabon da idonsa.

An bar shi ya ga Dalhatu ta tagar ɗakin tsaro. Dalhatu yana zaune a ƙasa, tafin ƙafarsa fari da ƙura.

"Yaya, motata ba ta tashi ba tun tsakiyar damina. Famfon gazuwal nata, mai tura man dizal, na cikin kwano wurin Rufa'i. Kai ma ka sani, da kai munka tura ta."

"Na sani."

"To kai ka ce ni na?"

"Ban ce kai ba na. Na ce ƙafafun motarka na."

"Ashe ta koyi fita yawo ba injin." Dalhatu ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "In ta dawo ka tambaye ta ina ta kai shanun mutane. Ni ban da labari."

Ya juya fuskarsa bango. Mani ya bar bakin tagar.

*

Washegari ya fara da Rufa'i. Ya same shi yana wanke wani ƙarfe da fetur, yana magana ba ya ɗaga kai.

"Ni ina Matankari wurin sunan ɗiyar ƙanena, can na kwana. Gareji ba ƙofa gare shi ba, zana ce. Kowa na aje motarshi nan: Dalhatu, Luƙman, har Abdul'aziz in shagonsu ya cika da kaya."

"Famfon fa?"

"Ga shi cikin kwano. Amma kada in yi maka ƙarya, Baba: wanda ya daɗe da tuƙi kamar Dalhatu na iya aro wani ya ɗaura kafin shayi ya nuna, ya kwance da asuba."

"Da kaza a baya?"

Rufa'i ya ɗaga kai a karo na farko. "Kazar matata ce. Wallahi ita ma ta hana ni barci."

Luƙman dillalin shanu ne, kuma tun jiya wasu ke raɗa sunansa a rumfunan shayi. Motarsa sabuwa ce, irin ta masu aiki, ba ado. Mani ya same shi a bakin kara, kasuwar shanu, bayan motar cike da kashin shanu.

"Duba da kyau," in ji Luƙman, ya buɗe hannuwa. "Kashin shanu cikin motar dillalin shanu! Kira jandarma, an kama ɓarawo. Gobe ka tahi gidan mai tuwo ka kama ta da gari."

Mani ya duba tayoyinsa: huɗu iri ɗaya, babu tabo, babu laka. Ya ba shi haƙuri ya tafi, Luƙman yana binsa da magana: "Surukinka ka ɗaure, yanzu kana neman wanda za ka musanya da shi!"

Maganar ta bi shi har rugar Hawwa'u. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi nono, ba ta tsokane shi ba, abin da ya fi tsokanar zafi. Ya tambaye ta ko akwai abin da ta gani.

"Ban ga komi ba. Ji na yi. Gab da asuba, can wajen kwari, wani kuka siriri, ƙiii, ƙiii, kamar ana wasa wuƙa bisa dutse. In ya yi sauri kukan ya yi sauri, in ya lafa ya lafa. Na faɗa ma mutanenku, sunka ce doguwa, aljanar kwarin, ce ta hau motar Dalhatu ta tuƙa." Ta taɓe baki. "Ku Arawa komi iska. Iska na cin naman sa?"

"Motar Dalhatu ba ta wanga kuka. Tari take kamar tsoho."

"To, ni dai abin da kunnena ya ji ke nan."

A hanyar komawa Mani ya riƙa jera abubuwan a ransa, suna rushewa. Laka ta ce motar ta je fadama. Gizo da kaza sun ce ba ta motsa ba. Tabo ya ce ita ce. Kuka ya ce ba ita ba ce. Duk rayuwarsa ƙasa ba ta taɓa yi masa baki biyu ba. Mutane ne ke yin haka, shi ya sa ya fi son duban ƙasa da duban fuska. Har ya kama kansa yana tunanin doguwar, ya yi a'uziyya. Wani tunani mafi muni ya biyo baya: watakila idonsa ne ya tsufa, kuma watakila ya daɗe da tsufa, ba wanda ya gaya masa.

*

La'asar ta yi lokacin da ya iso gida. A kan yashin ƙofar zaurensa ya ga sawun da ya tsayar da shi cik: takalman Dalhatu, na fata, masu cin dunduniyar dama. Ya ce a ransa an sake shi. Amma kafin murnar ta zauna idonsa ya riga ya ƙaryata ta. Takun gajere ne, dunduniya tana jan ƙasa, nauyin bai kai na namiji ba. Ƙaramar ƙafa ce cikin babban takalmi.

Habsatu tana zaune a tsakar gida, ba ta cire mayafi ba.

"Yaya, na zo in ji daga bakinka. Gobe za su tahi da shi."

"Takalman mijinki kinka sa."

"Su na tarar bakin ƙofa. Nawa sun tsinke, kuma ba takalmi na zo yi maka zance ba." Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Daren nan kusa da ni ya kwana, da zazzaɓi. Na faɗa, an ce matarshi ce. Kai ka faɗa, an ce Mani na. Abdul'aziz, bare, ya aiko mini da buhun hatsi, ya ce gobe shi kai ni Dutsi da motarshi. Kai da munka sha nono guda mi ka aiko mini?"

Mani bai ji ƙarshen maganar ba. Yana kallon takalman.

"Da na ga sawunki waje," ya ce a hankali, "ban ce Dalhatu ya zo ba."

"To sai mi?"

"Don na san takalmi ba ƙafa ba na."

Ya zauna a kan turmi kamar wanda aka tura. Tun yana yaro ya san ɓarawo yana aron takalmi, yana ma saka shi a juye. Ya kuma san kofato ba a aronsa. Inda kofaton sa ya taka, san ne ya taka. Da motoci suka shigo aikinsa, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa a wane ɓangare zai ajiye su ba, domin harshe ya riga ya ajiye masa. Kowa ƙafar mota yake cewa. Ƙafa ta fashe, ƙafa ta sace, a canza ƙafa. Ya ɗauki kalmar kamar yadda ya same ta, ya karanta taya kamar kofato, ya ɗaure mijin ƙanwarsa da ita. Ga faɗin nan na yatsu uku da ya gani ya kawar da kai: takun wata mota ce cikin takalmin wata.

"Yaya, lahiya?"

"Bar mini takalman nan. Sa na matata ki koma gida."

*

Rufa'i ya ɗaga motar Dalhatu da jak, yana gunaguni. Amma da ya ɗora sifana a kan noti na farko sai ya dakata.

"Waɗanga an taɓa su. Motar da ta daɗe zaune, sai na taka da ƙafa kafin noti shi motsa. Dubi, da hannu guda."

"Ƙafar wagga mota tana hawa wata?"

"In gidan ƙira guda na, kuma ramin noti shida na, tana hawa. Ana yi kullum. Mai sabuwa shi ari na tsohuwa in za shi daji, mai tsohuwa shi sayi na sabuwa don ado. Sai dai ba kowace ke zama lahiya ba. Shekara da shekara akwai bambanci, kuma cikin shekara guda ma akwai ta masu aiki, akwai ta masu kuɗi."

Ya ciro tayar gaba ya kwantar da ita. Janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, baƙi ne da tsatsa ta ciki. Amma a cikin tsatsar akwai zobe guda, siriri, mai ƙyalli kamar sabuwar azurfa, ya zagaye jantin gaba ɗaya. Suka ciro ɗaya tayar gaban, suka tarar da irinsa. Na baya babu.

Rufa'i ya shafa zoben da yatsa. "Birki na. Wanga janti lamba sha shida na, na tsohon yayi. An ɗaura shi bisa motar da kan birkinta na gaba ya fi shi girma kaɗan. Ya shiga, noti ya ɗauru, amma duk juyi sai ƙarfe ya ci ƙarfe."

"Da kuka?"

"Kamar ana wasa wuƙa."

Mani ya rufe ido. Bai ji daɗi ba.

"Sababbi biyu ke kwana nan," ya ce. "Ta Luƙman da ta Abdul'aziz. Wace?"

"Shekararsu guda. Da baki ba ni yanke ma kowa hukunci, Baba. Na ga inda baki ya kai mu." Ya ɗan saci kallonsa. "A ɗaura a gani."

*

Da safe kumanda ya yarda ya biyo ta garejin kafin ya ɗauki hanyar Dutsi, Dalhatu yana bayan motar jandarma da ankwa. An kira Luƙman, ya zo yana faɗa tun daga bakin lungu. Hawwa'u ta zo da sandarta. Abdul'aziz ba a kira shi ba. Da kansa ya iso, Habsatu a kujerar baya, zai cika alkawarin kai ta. Jama'a suka cika bakin zana.

Mani ya tsaya a tsakiya. Bai saba dogon jawabi ba.

"Shekaranjiya na ce ƙafafun motar Dalhatu na. Tayoyin nata na, ban janye ba. Amma ba ƙafa ba na, takalmi na. Wani ya ara, ya tahi, ya maido. Kuma takalmin ya matse shi." Ya nuna zoben da ke cikin jantin. "Za mu gwada ma kowa."

"Fara da ni!" in ji Luƙman. "In ta yi kuka ku yanka ni ku sayar da kilo."

Rufa'i ya ɗaga gaban motar Luƙman, ya cire tayarta, ya ɗaura ta Dalhatu, ya juya ta da hannu. Ta yi ta juyawa shiru har ta gaji ta tsaya. Luƙman ya zagaya yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Ko a ƙara? Masu raɗa, ku matso ku sa kunne."

Saura motar Abdul'aziz. Idan ta biyun ma ta yi shiru, ba shi da sauran abin faɗa, kuma ya tara gari ya kunyata mutum biyu bayan na farko.

Abdul'aziz ya duba agogonsa ya yi murmushi. "Mon komandan, tawa da tashi shekara guda, gida guda. Abin da ya zauna can shi zauna nan. Kada mu ɓata ma kotu lokaci, ga baiwar Allah na jira. Kuma kowa ya gani, tawa ko yashi ba ta shiga."

"Da tayoyinta ba ta shiga," in ji Mani.

"Uba guda, ba uwa guda ba," Rufa'i ya ce, yana jan jak. "Tashi ta masu aiki ce, birkinta ƙarami. Taka mai komi da komi ce, janti sha takwas. Ba a ba mota babban janti don ado kaɗai."

Kumanda ya ɗaga haɓa. Aka ɗaga farar motar. Da Rufa'i ya zare kyakkyawan jantinta mai walƙiya, bai ma kai ga ɗaura ɗayan ba ya ja da baya don kowa ya gani. A kafaɗar ƙarfen birkin akwai sabon gurzure, fari tas, faɗinsa daidai da zoben. Duk da haka ya ɗaura tayar Dalhatu, ya ɗaure noti, ya juya.

Ƙiii. Ƙiii. Ƙiii.

Kazar ta tashi daga kan ƙwanta da kyarkyara. Hawwa'u ta buga sandarta a ƙasa.

"Ga doguwarku nan, Arawa! Da agogo a hannu."

Babu wanda ya yi dariya sai Luƙman. Habsatu ta buɗe ƙofar motar ta fito a hankali, tana kakkaɓe zanenta kamar ta zauna a kan ƙazanta. Kumanda ya tambayi Abdul'aziz ina shanun, da wa suka yi. Ya ce a ƙetaren iyaka suke, a wani garke, ba a kai ga sayar da su ba, sunan abokin kuma zai faɗa a ofis.

Aka kwance wa Dalhatu ankwa. Ya sauko, ya tako har gaban Abdul'aziz.

"Mi na yi maka?"

"Wallahi ba kai nika nufi ba." Muryar saurayin ta koma ta yaro. "Tayoyina ba su ɗaukar sa biyu cikin yashi, kuma in sunka karce ba a samun irinsu nan. Naka na ƙarfe na, suna nan zaune ba aiki. Ban yi tunanin tabon ba. Ban yi tunaninka ba sam."

Mani ya daɗe yana juya wannan amsar bayan an tafi da mai ita. Bai san ko gaskiya ce ba. Bai kuma san wanne ya fi muni ba: a ƙulla wa mutum sharri da gangan, ko a kusa kai shi kurkuku don a tsare wa janti ƙyallinsa. Mutumin ya kawo shi bakin kwari da motarsa, ya tsaya a bayansa yana cewa faɗi mana. Ya aika da hatsi. Shin tsoro ne, ko kunya, ko kuwa wani abu da ba shi da suna? Wannan sawun ba a kan ƙasa yake ba, kuma Mani bai san yadda ake binsa ba.

*

Jama'a suka bi motar jandarma da ihu. Hawwa'u ta tsaya kusa da shi kafin ta wuce.

"Bawana, in sunka dawo da rai na ba ka nono ƙwarya guda. Ƙarama."

Farfajiyar ta rage daga shi sai Dalhatu da Habsatu, da Rufa'i can yana mayar da tayoyi. Mani ya ciro takalman daga jakarsa, ya sunkuya, ya ajiye su a gaban ƙafafun Dalhatu. Shi ne babba. Ba a taɓa ganin ya sunkuya wa mijin ƙanwarsa ba.

"Ido ya gani daidai," ya ce. "Ni na karanta ba daidai ba. Ka yahe mini."

Dalhatu ya dubi takalman, ya dubi Mani. Ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu.

"Kwana biyu ina tunani ɗakin can," ya ce. "Da wani na, ba ni ba, da ka koma ka duba kazar?"

Mani bai ga dalilin ƙirƙiro amsa ba.

"Ban sani ba."

Dalhatu ya gyaɗa kai, kamar wannan ce kaɗai amsar da zai iya karɓa. Ya juya ya nufi lungu, Habsatu a bayansa. Sai da ta kai bakin zana ta waiwayo.

"Yaya, akwai tuwo da rana. In ka ga dama."

Mani ya tsaya yana duban yashin da suka taka. Dunduniyar dama mai ci, taku mai tsawo, nauyin namiji: ƙafa da takalmi sun koma abu ɗaya. Ya san inda sawun ya nufa, ba ya bukatar karanta shi. Duk da haka ya bar su suka yi nisa, sannan ya bi, a gefe, yana kula kada ya taka.